Shin da gaske ana iya auna zafin cikin ƙwayar halitta guda ɗaya tana raye?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata ta shafi wani bincike da masana a birnin Paris suka wallafa a shekarar 2018, wanda ya nuna cewa mitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke cikin ƙwayar halitta waɗanda suke ƙona abinci su samar wa jiki ƙarfi, zafinsu yana kaiwa kusan digiri 50 a ma'aunin Salsiyos, alhali jikin mutum mai lafiya yana wajen digiri 37 ne kawai. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Na farko shi ne, yawancin ƙwayoyin jikinmu faɗinsu bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba (maikuromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), mitokondiriya kuwa faɗinta kusan maikuromita ɗaya ne, to da wane irin ma'auni ake shiga wuri irin wannan a auna zafinsa ba tare da an kashe ƙwayar ba? Na biyu kuma, idan ma an auna, ta yaya wani ɗan sashe da ke kewaye da ruwa zai fi ruwan da yake ciki zafi da digiri goma ko fiye, zafin bai watsu nan take ba? Ina roƙon masu ilimin wannan fanni su yi mana bayani, domin ina son sanin ko wannan tabbataccen ilimi ne ko kuwa har yanzu ana kan muhawara.

Malamar Ilimin Halittu:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Zan ɗauki tambayarka ta farko, domin ita ce ta fi kusa da fannina.

Kyamarar da ke ɗaukar hoton zafi ba ta da amfani a nan, saboda hasken infared da take gani, wato hasken zafi da ido ba ya iya gani, tsawon zangon igiyarsa ya kai maikuromita 8 zuwa 14, wato kusan girman ƙwayar kanta, sannan ruwa yana shanye shi, don haka ba ta ganin abin da ke ciki. An kuma gwada wata siririyar allura da aka haɗa da ƙarfe iri biyu, wadda ke ba da ɗan ƙarfin lantarki gwargwadon zafin da bakinta ya taɓa. Tana aiki, amma sai an huda ƙwayar, wuri ɗaya kawai take aunawa, kuma ƙarfen da kansa yana iya janye wani sashe na zafin da ake son aunawa. Saboda haka yawancin masu bincike suka koma ga haske: a saka wa ƙwaya wani abu mai ƙyalli wanda ƙyallinsa ke canzawa da zafi, sannan a dube ta da maikuroskof.

Aikin da ya fi jawo hankali a farko shi ne na Kohki Okabe da Seiichi Uchiyama da abokan aikinsu a Jami'ar Tokyo, a shekarar 2012. Sun haɗa wata doguwar sarƙar sinadari mai ɗauke da rini. Idan wurin da sanyi sarƙar tana miƙewa, ruwa ya kewaye rinin ya dushe haskensa, idan kuwa zafi ya ƙaru sai ta naɗe ta kore ruwan, rinin ya ƙara haske. Hikimar da suka yi ita ce ba ƙarfin hasken suka dogara da shi ba, tunda ƙarfin haske yana bin yawan rinin da ya taru a wuri. Sun auna tsawon lokacin da rinin ke ɗauka yana ƙyalli bayan an haska shi da leza, wanda ake lissafawa da kashi na biliyan na daƙiƙa. Da wannan dabara suka zana taswirar zafi a ƙwayoyin da asalinsu daga ƙodar biri ne, suka ba da rahoton cewa cibiyar ƙwaya, inda kayan gado suke, ta fi ruwan da ke kewaye da ita zafi da kusan digiri 0.96, kuma akwai ƙarin ɗumi a kusa da mitokondiriya.

Hanya ta biyu ita ce a sa ƙwayar ta ƙera ma'auninta da kanta. Akwai wani furotin mai koren ƙyalli da aka samo daga wata halittar teku, ana kiransa GFP. A 2013 masu bincike a Jami'ar Kyoto suka haɗa shi da wani furotin na ƙwayar cutar Salmonella wanda ke sauya siffa idan zafi ya ƙaru, a 2017 kuma wasu a Jami'ar Osaka suka fito da wani mai suna gTEMP, wanda ke kwatanta hasken furotin guda biyu. Amfanin wannan hanya shi ne ana iya tura ma'aunin zuwa sashen da ake so, ko mitokondiriya ko cibiya, ba tare da allura ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta lu'ulu'u. A 2013 rukunin Mikhail Lukin da Hongkun Park a Jami'ar Harvard suka saka ƙananan ɓurɓushin lu'ulu'u masu faɗin kusan nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na maikuromita, a cikin ƙwayar ɗan Adam. A cikin lu'ulu'un akwai wuraren da atom ɗin naitirojin ya maye gurbin na kabon, kusa da shi kuma akwai gurbi da ba kowa. Wannan aibi yana ba da jan haske, kuma hasken yana raguwa idan aka aika masa igiyar maikurowef, wato wata irin igiyar rediyo, mai mitar kaɗawa kusan gigahaz 2.87, wato sau biliyan 2.87 a daƙiƙa. Idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, wannan mitar kaɗawa tana sauka da wajen kilohaz 75, wato sau dubu 75 a daƙiƙa, saboda haka mai bincike yana neman inda hasken ya ragu ne ya karanta zafin daga nan. Lu'ulu'u ba ya dushewa kamar rini, kuma sinadaran cikin ƙwaya ba su cika shafarsa ba.

Shi kuwa binciken Paris da ka ambata, wanda Dominique Chrétien da Pierre Rustin da abokan aikinsu suka yi, rini ne suka yi amfani da shi mai suna MitoThermo Yellow, wanda ke taruwa a mitokondiriya, haskensa kuma yana raguwa idan zafi ya hau.

Malamin Fiziks:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa a kan ma'aunan. Ni kuma zan ce tambaya ta biyu ita ce ainihin matsalar wannan fanni, kuma ɗan'uwa, shakkar da ka nuna tana da tushe ƙwarai.

A shekarar 2014 Guillaume Baffou na birnin Marseille tare da wasu masana uku suka wallafa suka a mujallar Nature Methods, kuma lissafin da suka kawo kowa zai iya bi. Idan wani abu mai girma kaza yana fitar da zafi a cikin ruwa ba tsayawa, bambancin zafinsa da na kewayensa yana daidai da ƙarfin da yake fitarwa idan an raba shi da girmansa da kuma yadda ruwan ke watsa zafi. Ƙwaya mai aiki sosai tana fitar da kamar fikowat 100, wato kashi ɗaya cikin biliyan goma na wat. Ruwa yana watsa zafi da kusan wat 0.6 a kowace mita a kowane digiri. Girman ƙwaya kuma maikuromita 10 ne. Idan ka haɗa waɗannan lambobi, abin da zai fito shi ne kusan kashi ɗaya cikin dubu ɗari na digiri. Masu aunawa suna ganin digiri ɗaya, lissafi yana cewa kashi ɗaya cikin dubu ɗari, shi ya sa aka riƙa kiran matsalar da giɓin sau dubu ɗari.

A kan mitokondiriya abin ya fi tsanani. Kafin abu mai faɗin maikuromita ɗaya ya fi ruwan da yake ciki zafi da digiri goma, kuma ya dawwama a haka, sai ya riƙa fitar da maikurowat da dama (maikurowat ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na wat), wanda ya ninka abin da ƙwayar gaba ɗaya ke fitarwa sau dubbai masu yawa, ga shi kuma ƙwaya ɗaya tana iya ɗaukar ɗaruruwan mitokondiriya. Babu isasshen sukari ko iskar oksijin da za su shiga ƙwayar su biya wannan buƙata. Sannan akwai batun lokaci: zafi yana ratsa tazarar maikuromita 10 a ruwa cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka ko da wani sashe ya yi zafi farat ɗaya, zafin ya riga ya bar ƙwayar kafin kyamara ta gama ɗaukar hoto guda.

Ba ina cewa masu binciken sun ƙirƙiri sakamako ba ne. Na yarda hasken rinin ya canza kamar yadda suka faɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa zafi ne kaɗai zai iya canza shi. Ma'aunin zafi na asibiti an rufe shi ruf, babu abin da ke isa gare shi sai zafi, shi kuwa rini yana zaune ne tsirara a tsakiyar gishiri da asid da kitse da furotin, kuma kowanne daga cikinsu yana iya taɓa haskensa.

Mai Neman Sani:

Na gode Malama, na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. To amma Malam, bayaninka ya haifar mini da wasu tambayoyi guda biyu. Idan kowace ƙwaya ba ta iya ɗaga zafinta sai da wannan ɗan mitsitsin adadi, daga ina jikin mutum ke samun digiri 37 ko da yana zaune a wuri mai sanyi, tunda ƙwayoyin ne dai ke samar da zafin? Sannan idan kuskuren rini ne, me ya sa rukunoni daban-daban, a ƙasashe daban-daban, da ma'aunai da ba su yi kama da juna ba, duk suke ganin ƙarin zafi a cibiya ko a mitokondiriya? Da kuskure ne, ina tsammanin wasu za su ga ƙari, wasu su ga ragi.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:

Bari in shigo a kan tambayarka ta biyu, domin ita ce damuwar duk wanda ke zama gaban maikuroskof.

Duk ma'aunin da Malama ta lissafa sai an saita shi kafin ya zama ma'auni. Ana ɗumama farantin ƙwayoyin daga waje, a ce daga digiri 30 zuwa 40, ana rubuta yadda hasken ke canzawa a kowane mataki, daga nan a sami layin da za a riƙa karanta zafi da shi. Sannan sai a tsayar da zafin farantin, a zuba wani sinadari kamar FCCP, wanda ke sa mitokondiriya ta ƙona abinci ba tare da ta adana ƙarfin ba, a ga yadda hasken zai canza. A nan ne matsalar take. Wannan sinadari ba zafi kaɗai yake kawowa ba: yana rushe ƙarfin lantarkin da ke jikin fatar mitokondiriya, yana canza tsamin cikinta, yana motsa kalsiyam, yana ma sauya siffarta. Rini irin wanda ke taruwa a mitokondiriya galibi wannan ƙarfin lantarkin ne ke jawo shi ciki, saboda haka idan ya rushe, rinin na iya fita ko ya sake wurin zama, haske ya ragu, mai kallo ya karanta shi a matsayin zafi. Hatta a tsakanin cibiya da ruwan da ke kewaye da ita akwai bambancin kauri da cunkoson furotin, kuma sarƙar da ke naɗewa saboda zafi tana iya naɗewa saboda cunkoso. Wannan na iya bayyana dalilin da ya sa kuskure zai karkata gefe ɗaya a ɗakunan gwaji da yawa, domin kusan kowa da irin waɗannan sinadarai yake tsokanar ƙwayar.

Duk da haka, adalci ne a faɗi cewa rukunin Paris ba su yi sakaci da wannan ba. Sun ajiye ƙwayoyinsu a digiri 38, suka nuna cewa alamar zafin tana ɓacewa idan oksijin ya ƙare ko aka zuba gubar da ke tsayar da numfashin mitokondiriya, ba ta kuma bayyana a ƙwayoyin da aka cire wa kayan gadon mitokondiriya. Sun nuna tana ƙaruwa idan aka saka wa ƙwaya furotin UCP1, wanda shi ne ke sa kitse mai ruwan ƙasa ya ɗumama jarirai da dabbobi masu barcin hunturu. Sun kuma gano cewa wasu enzayim, wato furotin da ke gudanar da aikin numfashin mitokondiriya, sun fi aiki a kusa da digiri 50. A 2023 rukunin Howard Jacobs a birnin Tampere na ƙasar Finlan ya sake gwajin, wannan karon da rini da kuma furotin gTEMP, suka ba da rahoton bambancin da ya kai wajen digiri 15. Wannan ba abin da za a share da hannu ɗaya ba ne, kodayake duka ma'aunan biyu na haske ne, kuma abin da aka tabbatar shi ne alamar tana bin numfashin mitokondiriya, wanda ke canza abubuwa da yawa a lokaci guda.

Shi ma lu'ulu'u da ake yabo yana da nasa rauni. Ƙwaya takan haɗiye shi ta kulle shi a cikin wata 'yar jaka, don haka ba lallai ne ya kai ga sashen da ake son aunawa ba, yana yawo, kuma kowane ɓurɓushi yana da ɗan bambanci da ɗan'uwansa, sai an saita su ɗaya bayan ɗaya. Amma da shi ne aka yi gwajin da nake ganin ya fi kowanne amfani a wannan muhawara. A 2021 Shingo Sotoma da Madoka Suzuki da Yoshie Harada a Osaka, tare da Taras Plakhotnik na Jami'ar Queensland a Ostareliya, suka lulluɓe lu'ulu'u da wani abu mai ɗaukar zafi idan an haska shi, ya zama murhu da ma'auni a lokaci guda. Tunda sun san yawan zafin da suka zuba, sun iya auna yadda cikin ƙwaya ke watsa shi, suka sami kusan wat 0.11 a kowace mita a kowane digiri, wato kamar kashi ɗaya cikin shida na ruwa. Ke nan cikin ƙwaya ba ruwa zalla ba ne, yana riƙe zafi fiye da yadda aka zata.

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ba da rahoton zafi a cikin ƙwaya ya kamata ya auna da hanyoyi biyu da tushensu ya bambanta, misali lu'ulu'u da furotin, a ƙwaya ɗaya a lokaci ɗaya, ya kuma nuna yadda ma'auninsa ke amsa tsami da kauri da gishiri idan zafi bai motsa ba. Ayyukan da suka cika wannan sharaɗi ba su da yawa.

Malamin Fiziks:

Na ji daɗin kawo aikin Osaka, domin shi ne irin gwajin da ke ciyar da magana gaba. Sai dai a lura da girman abin da ya gyara. Idan cikin ƙwaya yana watsa zafi ƙasa da ruwa sau shida, to giɓin ya ragu sau shida ne kawai, daga dubu ɗari zuwa abin da har yanzu ya haura dubu goma. Wasu sun kawo hujjar cewa fatocin da ke ninke a cikin mitokondiriya suna tare zafi kamar bango bayan bango, amma kaurin kowace fata 'yan nanomita ne, kuma waɗanda suka lissafa abin sun ga ba ta kai ta riƙe digiri goma ba.

Game da tambayarka ta farko ɗan'uwa, jiki yana ɗumi ne saboda yawa. Mutum a zaune yana fitar da wat 80 zuwa 100, daga ƙwayoyi sama da tiriliyan 30. Ƙwaya ɗaya tilo a faranti tana zubar da zafinta ga ruwan da ya kewaye ta ta kowane gefe. Ƙwayar da ke tsakiyar hanta kuwa maƙwabtanta duk suna fitar da nasu zafin, babu wuri mai sanyi kusa da ita, sai zafin ya yi tafiya mai nisa ta jini kafin ya kai fata, inda kitse da tufafi ke ƙara tare shi. Zafin da ake samarwa yana ƙaruwa da girman jiki gaba ɗaya, wanda ake zubarwa kuwa yana bin faɗin fata ne, shi ya sa tarin ƙwayoyi ke ɗumi alhali guda ɗaya ba ta yi. Wannan ma gargaɗi ne ga masu gwaji, domin idan ƙwayoyi sun cunkushe a wuri guda, ɗumin da aka gani yana iya zama na taron ne, ba na ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka cewa wannan muhawara ta rushe fannin. Inda zafin daga waje yake zuwa, ma'aunan suna aiki ba gardama, domin leza tana iya zuba ƙarfin da ya ninka na ƙwaya sau dubbai. A gwajin Harvard na 2013 sun saka ɓurɓushin zinare kusa da lu'ulu'un, suka ɗumama shi da leza, suka auna hawan zafin a cikin ƙwayar har zuwa inda ta mutu. Irin wannan sani ne ake buƙata a maganin ciwon daji ta hanyar ɗumama ƙari zuwa digiri 40 da 'yan kai, inda ake son a san zafin da ya isa ƙwayoyin ƙarin ba tare da an lalata lafiyayyun da ke gefenta ba. A 2020 kuma an yi amfani da lu'ulu'u da leza a kan ɗan tayin wata ƙaramar tsutsa mai suna C. elegans lokacin yana da ƙwaya biyu kacal, aka ɗumama wadda a al'ada take jinkirin rabuwa, sai ta riga 'yar'uwarta. Gwajin da nake jira shi ne wanda zai auna ƙarfin da ƙwaya guda ke fitarwa kai tsaye, da na'urar auna yawan zafi, a daidai lokacin da ake karanta ma'aunin da ke cikinta, domin a nan ne za a ga ko lambobin biyu za su iya zama tare.